Hoton da Na Kai wa Amaryar Gammo

Ba zan taɓa mantawa da walimar auren Malam Sabo a Gammo ba, kuma na tabbata mutanen Gammo ma ba su manta da ni ba. Har yau idan hanya ta bi da ni ta wajen, nakan jawo hula ta rufe goshi, in riƙa addu'a kada direba ya tsaya ɗaukar fasinja.

A lokacin ina koyar da tarihi a wata ƙaramar sakandare a Gwarzo. Shekarun nan ne da aka ƙaddamar da Shari'a, gari ya ɗauki zafi, samari sun ɗage wando sun tsayar da gemu, aljihu kuwa fayau. Albashi sai ya ga dama yake zuwa. Tun ana ce mana a tsuke bakin aljihu har aljihun ya rasa bakin da za a tsuke. Nama sai dai mu je mu zauna a bencin Ɗan'azumi mai tsire bayan la'asar mu sha ƙamshi, wanda Allah ya hore wa ya sayi tsinke ɗaya, sauran mu raka shi da ido.

A wurin Ɗan'azumin nan na fara haɗuwa da Mandan. Yakan sayo tsofaffin littattafan gwanjo daga Kano don naɗe tsire. Wata rana na ga yana yagar wani ƙaton littafin Turanci mai hotuna masu launi, na roƙe shi ya bar mini abin da ya rage. Ya ba ni shafuka kaɗan, sauran sun riga sun bi tsire zuwa gidajen mutane.

Hotunan zanen hannu ne, na wani Bature da ya zauna tun zamanin da a cikin wata ƙabila ta ainihin mutanen Amurka, waɗanda Turawa suka tarar a ƙasar. Sunansu Mandan. Abin da ya kama ni shi ne yadda suka yi kama da mutanen ƙauyukanmu. Ɗakunansu na ƙasa ne, zagayayyu, kamar an kife manyan masakai a bakin kogi, mutane na hawa kai suna shan iska. Suna noma masara da wake da kabewa, kuma mata ne ke riƙe da gonakin. Suna farautar ɓauna, su yi riga da fatarta, su yi kwalekwale da ita mai kama da kwando. Sarakunansu na sa gashin tsuntsu a ka har ya sauko gadon baya. Na kuma karanta cewa ba da daɗewa da tafiyar mai zanen ba cutar agana ta shigo musu ta cinye kusan dukkansu. Wannan ɓangaren ban cika faɗa wa mutane ba, don yana ɓata daɗin labari.

Daga nan fa na zama annoba. A ofishin malamai Mandan, a majalisa Mandan, a aji ko darasin daular Borno nake yi sai na ratse na faɗa Mandan. Ɗalibai suka laƙaba mini Malam Mandan. (Ni a lokacin na ɗauka girmamawa ce.) Mutumin da albashinsa ba ya kai shi tsakiyar wata yana bukatar abu ɗaya da zai ce ya fi kowa sani, ni kuwa nawa ke nan.

Ana cikin haka tabarauna ya fashe. Ina kan acaɓa a hanyar Kabo ya zame daga aljihu, kafin mu tsaya wata amalanken shanu ta bi ta kansa. Ni kuwa ba tare da tabarau ba, kusa ba na gani, nesa ma sai da lalube. Halin sayen wani babu. Maimakon in faɗa wa mutane gaskiya, sai na ce likita ne ya ce in hutar da idanuna. Na ci gaba da koyarwa da ka, ina riƙe littafi a hannu don kada a gane.

A cikin wannan makantar ce Ɗan'azumi ya miƙo mini wani shafi da ya tsinta a ƙasan buhu, ya ce, "Malam, ga wata takardar mutanenka." Na kai gida, na fita tsakar rana na ƙanƙance ido. Abin da na gani ya faranta mini rai. Ga wata mace zaune a kan ciyawa, ga fararen ƙore an jera sun zagaye ta, ta ɗauki ɗaya ta ɗora a cinya kamar tana gogewa. Can bayanta ga rumfuna dogaye, an ɗora dammunan hatsi a kai. A ƙasan hoton akwai rubutu ƙanana, amma a idona layin tururuwa ne kawai. Na ce ai ba sai na karanta ba, wa zai koya mini Mandan?

Malam Sabo abokin aikina ne, mutumin Kabo, malamin lissafi, mai haƙuri da ƙarancin magana. Shi kaɗai ne ke sauraron labarin Mandan har ƙarshe bai tashi ba. Matar da zai aura sunanta Dije, 'yar wani dattijo ne a Gammo da ake kira Alhaji Buba, Fulanin da suka daɗe da zama suka kama noma amma ba su rabu da shanu ba. Dije bazawara ce. A shekarar da sanƙarau ya yi ɓarna, mijinta da 'ya'yanta biyu suka rasu a mako guda. Ita ma ta kwanta, Allah ya yi da sauran kwana. Tun daga nan ta koma gidan mahaifinta, ta yi shekaru ba ta yarda an yi mata maganar aure ba, sai a kan Malam Sabo.

Duk na san wannan. Shi ya sa ma na ga babu kyautar da ta fi dacewa da ita irin hoton nan. 'Yar Fulani ce, ga ƙore, ga hatsi, ga kwanciyar hankali. Kuma, in faɗi gaskiya, ba ni da abin sayen ko da farantin tangaran. Na ciro takardar shaidar gama makarantar horon malamai daga firem ɗinta, na sa hoton a ciki, na goge gilashin da gefen riga, na naɗe da jarida. Ban nuna wa kowa ba, don ina so abin ya zo wa jama'a ba-zata. Ya kuwa zo musu.

Ranar walima aka kafa rumfa a ƙofar gidan Alhaji Buba. Kiɗa babu, don samarin kwamitin Shari'a na garin sun hana, suna ma zaune a sahun gaba suna lura. Aka ja tamfol a tsakiya, maza a nan, mata da amarya a can. Aka ɗaura lasifika a jikin darbejiya, aka haɗa da batirin mota. Wani malami ne zai zo daga Kabo ya yi wa'azi a kan zaman aure, amma ana wahalar fetur, aka jira shi har rana ta karkata bai iso ba. Mutane suka fara hamma. Sai wani daga dangin ango ya ce, "A ba babban abokin ango ya ɗan faɗi wani abu kafin Malam ya ƙaraso."

Da ina da hankali da na yi addu'a na zauna. Amma an ba Malam Mandan abin magana, ga taro, ga lasifika.

Na yi sallama, na yi salati, na gaida Alhaji Buba da dattawa da iyaye mata da ke bayan tamfol. Sannan na ce na zo wa amarya da 'yar tsaraba daga wata ƙasa mai nisa. Na warware jaridar, na ɗaga firem sama. Na juya wajen samarin kwamiti na ce kada su damu, hoto ne na ilimi, ba na ado ba. Na miƙa wa na kusa da ni na ce a zagaya da shi kowa ya gani.

Na shiga bayani. Na faɗi ɗakunan ƙasa, na faɗi masara da kabewa, na faɗi kwalekwalen fata. Na ce matan Mandan mata ne masu riƙon gida. "Ku dubi wannan baiwar Allah," na ce, "ta zauna a tsakiyar arzikinta. Duk ƙoƙunan da suka zagaye ta ɗin nan nata ne, ita ta tara. Dubi yadda ta rungume ɗaya a cinya, ba ta son rabuwa da shi."

Hoton na tafiya hannu zuwa hannu, ni kuma na lura duk sahun da ya ratsa sai hira ta mutu. Masu taunar goro suka daina. Na ji daɗi ƙwarai. A raina na ce yau Gammo ta ga ilimi. Na ƙara ɗaga murya. Ina gani dishi-dishi wani ya tashi kamar zai tare hoton, amma kafin ya kai an riga an tura shi ta ƙarƙashin tamfol zuwa wajen mata. Can ma surutu ya ɗauke.

Malam Sabo na gefena, ya ja bakin rigata a hankali. Na ɗauka yana nufin in ƙara, sai na rufe da addu'a. Wannan addu'ar ita ce har gobe take hana ni sukuni. Na ce, "Allah ya sa amaryarmu Dije ta zauna kamar yadda matar nan ta zauna. Allah ya tara mata irin abin da ya tara wa matar nan, ya ninka mata. Allah ya cika ɗakinta da su."

Ba wanda ya ce amin.

Na sake maimaitawa, ko lasifikar ce ta sami matsala. Shiru. Sai kukan wata akuya daga bayan gida.

Aka turo hoton ta ƙarƙashin tamfol ya dawo. Alhaji Buba ya karɓa, ya daɗe yana kallo. Dattijo ne dogo, siriri, ba ya gaggawa a komai. Ya taso ya zo har inda nake, ya cire tabaransa, ya miƙo mini tare da firem ɗin.

"Malam," ya ce, "ga wannan. Duba mana da kyau, sannan ka karanta abin da aka rubuta a ƙasa."

"To, Baba," na ce, har da murmushi.

Na sa tabarau. Duniya ta washe, na ga fuskokin mutane sarai a karo na farko cikin watanni, kuma duk ni suke kallo. Na sunkuyar da kai kan hoton.

Ƙoren nan kowace tana da ramukan ido biyu da haƙora. Ƙoƙunan kan mutane ne, an jera su a da'ira a kan ciyawa. Rumfunan baya kuwa ba hatsi ne a kansu ba, gawarwaki ne a naɗe cikin fata, ga ƙafafun wata sun leƙo. Wanda matar ta ɗora a cinya ƙarami ne, bai kai sauran ba. Kan yaro ne.

Rubutun ƙasa ya fito tas. Bayani ne cewa wannan maƙabartar Mandan ce. Sukan ɗora mamaci a kan rumfa a bayan gari har itacen ya ruɓe ya faɗi, sannan su binne ƙasusuwa, su jera kawunan a fili. Kowace mace ta san kan mijinta da na ɗanta a cikin jerin, takan zo da abinci ta ajiye masa, ta zauna tana ɗinki tana yi masa hira.

Abin maganar na hannuna, a bakina. Ban san lokacin da na ce, "Innalillahi, ashe kawuna ne," ba. Lasifika ta ɗauka ta kai har bakin kasuwa.

"Ƙoƙuna ne dai, Malam," in ji Alhaji Buba, murya ƙasa-ƙasa. "Ba ka yi ƙarya ba. Sai dai na kai ne." Ya miƙo hannu. Na ɗauka gaisawa zai yi da ni, na kama hannun da hannu biyu. Ashe tabaransa yake so.

Daga bayan tamfol aka fara jin kuka, ba mai ƙarfi ba, irin na wanda ya toshe baki da mayafi. Wata tsohuwa ta ce a fitar da amarya. Ɗaya daga samarin kwamiti ya taso ya fizge firem ɗin, ya ce wannan kayan tsafi ne, kuma sai na yi bayanin wanda ya aiko ni. Suka fasa gilashin, suka cinna wa hoton ashana a gaban jama'a. Da ba don Alhaji Buba ya tsaya a tsakani ya ce baƙonsa ne ni, ba wanda zai taɓa ni a ƙofar gidansa ba, ban san yadda za ta ƙare ba. Malamin Kabo ya iso daidai lokacin, yana tura babur, ya tarar taro na watsewa. Shinkafar da aka dafa ma a kwano aka riƙa bin mutane da ita gida.

Ni da ƙafa na bar Gammo. Ba wanda ya kore ni, ba kuma wanda ya ce in hau bayan babur ɗinsa.

Kafin mako ya zagayo labari ya riga ya yi ƙiba. A Kabo an ce hoton kawuna na kai. A Garo an ce kawunan ne da kansu, a cikin buhu. Kafin ya iso Gwarzo an ce tsohon manemin Dije ne ya biya ni in raba auren. Aka kira ni gaban kwamiti, na zauna a tabarma na rantse cewa makanta ce da ƙaryar sani, ba sihiri ba. Wani dattijo a cikinsu ya ɗaga yatsu ya ce in faɗi ko nawa ne, na faɗa ba daidai ba, aka sallame ni. Amma iyaye sun riga sun janye yaran da nake yi wa darasin yamma, wanda da shi nake cin tuwo. A majalisa idan na zauna sai benci ya yi mini faɗi. Ɗan'azumi ma ya daina kallon inda nake.

Malam Sabo bai taɓa tayar da maganar ba. Muna gaisawa a ofis, ya wuce ajinsa. Wannan ya fi mini zafi a kan ya zage ni. Sai bayan damina ta faɗi, wata ranar Alhamis, ya tsaya a bakin teburina ya ce, "Malam, mai ɗakina na son ganinka. In ka sami sarari."

Na je gidansu a Kabo ranar Asabar da hantsi. Na tanadi ban-haƙuri mai tsawo. Aka shimfiɗa mini tabarma a zaure, Malam Sabo ya zauna a gefe, Dije ta zauna daga bakin ƙofar ciki, ta ja mayafi. Muka gaisa, ta tambayi aiki, ta tambayi mutanen gida, ta tambayi ruwa. Na fara, "Amarya, wallahi ni ban san da wane baki..."

"Bar wannan, Malam," ta ce. "Baba ya faɗa mini ba ka gani. Tambaya nake da ita. Matar nan ta cikin hoto, me take yi a wurin?"

Na dubi Malam Sabo. Ya gyaɗa kai. Na faɗa mata abin da na karanta, ban rage komai ba.

"Wanda ta riƙe ɗin, ɗanta ne?"

"Haka nake zato."

"Kuma ta san shi a cikin duk waɗannan? Ba ta ruɗewa?"

"An ce kowace ta san nata."

Ta murza bakin mayafi. Sannan ta ce, "Ni nawa Kano aka kai su, ina kwance ban san inda kaina yake ba. Da na farfaɗo aka ce an riga an binne su can, tare da mutane da yawa. Baba ma bai san wurin ba. Ko da an sani, ai mu mata ba a barin mu shiga maƙabarta. Na san abin da suke yi ɗin nan ba addini ba ne, Allah ya tsare mu. Amma ranar nan da hoton ya zo hannuna na kasa sakinsa, sai da Inna ta ɓamɓare yatsuna. Mutane sun ɗauka tsoro ne ya sa ni kuka."

Duk ilimin Mandan ɗina bai ba ni kalma ɗaya ba.

"Suna nan har yanzu, mutanen?" ta tambaya.

Na ce agana ta shiga garinsu bayan an yi zanen, ta kashe kusan kowa, 'yan kaɗan suka tsira, jikokinsu ne suka rage.

"Har da matar?"

"Allah ne masani, Amarya."

"To da ta mutu, wa ya ci gaba da kai wa yaron abinci?"

Malam Sabo ya sunkuyar da kai. Ni ma haka. Sai ta tashi ta shiga ciki, ta aiko mana da fura. Na sha don kada a ce na ƙi, amma ban ji ɗanɗanonta ba.

Abotarmu da Malam Sabo ta dawo a hankali, ko da yake ba kamar da ba. Da Dije ta haihu an gayyace ni suna, na je, na zauna can ƙarshen tabarma. Da aka zo addu'a wani ya yi subutar baki ya ce a ba abokin uban jariri, sai na ga mutum uku sun miƙa hannu wajen abin magana a lokaci guda, suka wuce da shi ta bayana. Ban ji haushi ba, ni ma da ni ne su haka zan yi.

Abin da na koya bai da yawa, amma na biya shi da tsada. Yanzu idan ina magana a taro na ji wuri ya yi tsit, ba na cewa jawabina ne ya ratsa jama'a. Nakan yi sallama a tsakiyar jimla, in nemi wuri in zauna, sannan in tambayi na kusa da ni a hankali, "Me na ce?"